Tambaya da Amsa: Shin Kuskure Ne a Kira Mutum Ɗaya da "They"?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na wata babbar sakandare a nan Kumasi, gidanmu kuma yana Aboabo. A makon jiya malaminmu na Turanci ya ba mu aikin rubuta sanarwa, sai na rubuta "Every candidate must bring their own pen." Da littafina ya dawo, na tarar ya zagaye "their" da jan biro, ya rubuta "his" a samanta, ya kuma rage mini maki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mata sun fi maza yawa a ajinmu, sannan kullum ina ganin Facebook yana rubuta cewa wane "updated their profile picture", alhali mutum ɗaya ake nufi. Yayana ya ce wannan sabon yayi ne na 'yan Amurka. Don Allah Malam, wa ke da gaskiya, daga ina kalmar ta samo asali, kuma me zan rubuta idan na shiga jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare?

Daga wata ɗaliba, Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Jimlar da kika rubuta Turanci ce karɓaɓɓiya wadda masu harshen suke faɗa suke kuma rubutawa. Malaminki ma ba da ka ya yi gyaransa ba, yana bin wata ƙa'ida ce da aka shafe fiye da shekara 200 ana koyarwa a makarantu. Yayanki ne kawai maganarsa ba ta da madogara, domin Ingilishi sun fara kiran mutum ɗaya da "they" tun kafin Turawa su san akwai wata nahiya da za a kira Amurka.

A nahawu, "they" wakilin suna ne na mutum na uku, wato wanda ake magana a kansa, kuma aikinsa na farko shi ne nuna jam'i, daidai da "su" a Hausa. Danginsa su ne "them", "their", "theirs" da "themselves". Ba ruwansa da jinsi, ba ruwansa kuma da mai rai ko marar rai, da shi ake kiran maza da mata da awaki da kujeru. Aikinsa na biyu shi ne wanda Hausa take yi da "an" ko "ana". Idan kika ji karen mota a tashar Kejetia ya ce "They say fuel will go up", ba wasu sanannun mutane yake nufi ba, cewa yake yi an ce mai zai tashi. Aiki na uku shi ne naki: a ambaci mutum ɗaya wanda ba a san ko namiji ne ko mace ba, ko kuma wanda zai iya zama ko wanne daga cikinsu, musamman bayan kalmomi irin su "somebody", "anyone", "everybody", "each" da "nobody".

Maganar asali kuwa, kalmar baƙuwa ce a Turanci. A tsohon Turancin da ake yi a Ingila shekara 1,000 da suka wuce, wakilan sunan mutum na uku duk da harafin "h" suke farawa. Namiji "he" ne, mace "heo", abu "hit", jam'i kuma "hie" ko "hi". Da tafiya ta yi tafiya, furucin waɗannan kalmomi ya riƙa kusantar juna, har ta kai a wasu yankunan mai sauraro ba ya iya rarrabe ko "shi" aka ce, ko "ita", ko "su". Kafin wannan rikici ya yi tsanani, wasu baƙi sun riga sun zauna a ƙasar. A shekarar 865 wata babbar rundunar mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai, galibinsu 'yan Danmak, ta sauka a Ingila, a 866 ta ci birnin Yok, daga baya kuma aka yi sulhu da Sarki Alfred, suka mallaki arewa da gabashin ƙasar, suka yi noma, suka yi auratayya da 'yan gari. Harshensu ɗan'uwan Turanci ne na kusa, kuma a cikinsa akwai kalmomi uku na jam'i masu farawa da sautin da yau ake rubutawa da "th". Su ne suka zama "they", "their" da "them". Ta wannan hanyar ce kuma Turanci ya samu "egg", "sky", "window" da "take".

Wannan aron ba ƙaramin abu ba ne a wurin masana harshe. Sunayen kaya suna ƙetare iyakar harsuna cikin sauƙi. Ga misali a ƙofar gidanku: abincin da duk Gana take kira "waakye" daga waken Hausa sunansa ya fito, "koose" kuma ƙosai ne, mu ma mun ari littafi da alƙalami daga Larabci, mun ari mota da tebur daga Turanci. Amma duk daɗewar da Hausawa suka yi a zangon Kumasi tare da Asante, ba mu bar "shi" da "ita" da "su" mun ɗauki nasu ba, su ma ba su ɗauki namu ba. Wakilin suna yana daga cikin abubuwan da harshe yake riƙewa gam. Saboda haka aronsa da Turanci ya yi shaida ce ta irin cakuɗuwar da al'ummomin biyu suka yi, da kuma tsananin buƙatar da ake da ita ta kalmar da ba za ta rikice da wata ba.

Ba rana ɗaya kalmomin suka karɓu ba. An fara ganinsu a rubuce wajen shekarar 1200, a aikin wani malamin coci mai suna Orm, a gabashin Ingila, daga nan suka riƙa gangarowa kudu sannu a hankali. "They" ce ta riga 'yan'uwanta isa Landan. Shahararren marubucin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta "they", amma a gurbin "them" da "their" tsofaffin kalmomin yake amfani da su, wato "hem" da "hire". Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 sauran biyun suka zauna da gindinsu. Tsohuwar "hem" ma ba ta mutu gaba ɗaya ba, ita ce kike ji idan Bature ya ce "give 'em" ko "tell 'em", ko da yake yawancin masu faɗar haka suna zaton "them" suka gutsure. Kalmar "she" ita ma a wannan zamanin na gyaran rikici ta bayyana, an fara ganinta a wani kundin tarihi da aka rubuta a garin Peterborough, a ƙarƙashin labarin shekarar 1140.

Yanzu ga abin da ya shafi jan biron malaminki. Babban ƙamus na Oxford ya gano misalin amfani da "they" ga mutum ɗaya tun a shekarar 1375, wato bai kai shekara 200 da fara ganin kalmar a rubuce ba. Tun daga lokacin marubuta suka ci gaba da yin haka, ba kuma wanda ya ɗaga musu yatsa sai a ƙarni na 18, lokacin da masu rubuta littattafan nahawu suka ɗauki aniyar daidaita Turanci bisa tsarin Latin da lissafin hankali. Hujjarsu ita ce tilo ya bi tilo, jam'i ya bi jam'i, to tunda "everyone" tilo ne, dole a bi shi da wakilin suna tilo, suka kuma zaɓi "he". Wani abin sha'awa shi ne, daga cikin waɗanda suka fara rubuta wannan ƙa'ida akwai mace, Ann Fisher, malamar makaranta a arewacin Ingila, a littafinta na nahawu na 1745. A 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta sa abin a doka, ta ce duk inda dokokinta suka ambaci namiji, to har da mace ake nufi. Mun gāji wannan salo a nan: kundin tsarin mulkin Gana na 1992 yana kiran shugaban ƙasa da "he", sannan sashe na 297 ya fayyace cewa kalmomin da suke nuna maza sun haɗa da mata. Kin ga ke nan malaminki yana da manyan abokan tafiya.

Sai dai hujjar tilo da jam'in nan tana da rauni, kuma raunin yana cikin Turancin kansa. Kalmar "you" da can ta jam'i ce, daidai da "ku", mutum ɗaya kuwa "thou" ake ce masa. A hankali "you" ta cinye gurbin biyu, "thou" ta koma sai a tsofaffin littattafan addini da waƙe, kuma har yau ana cewa "you are" ko da mutum ɗaya ake fuskanta. Babu malamin da yake zagaye wannan da jan biro. Wanda ya yarda da "you are" ga mutum ɗaya, da wuya ya kawo dalilin nahawu da zai hana "they are".

Akwai dalilin da ya sa gyaran malaminki ba ya yi wa kunnen Bahaushe nauyi. Mu ma haka muke yi, muna cewa kowa ya zo da bironsa, kowa ya kama gabansa, ko da mata ne suka fi yawa a wurin, ba kuma wanda yake jin an ware shi. Hausa tana da tsananin kula da jinsi, har ta fi Turanci, domin ta raba "kai" da "ke", ta ba kowane suna tilo jinsinsa, mota ta tafi, jirgi ya tashi, ko da yake a Hausarmu ta zango wannan rarrabewar ta yi sako-sako a bakin matasa da yawa. Idan kuma Bahaushe yana so ya kauce wa jinsi gaba ɗaya, yana da "a" da "an" da "ana": a zo da biro, an bar lema a masallaci. Turanci ba shi da wannan mafita a sauƙaƙe, shi ya sa ya jingina da "they". Maƙwabtanmu Asante masu harshen Twi kuwa kalma ɗaya suke da ita, "ɔno", ga namiji da mace, wannan ne ma ya sa za ki ji ɗan kasuwa ya ƙware a Turanci amma yana kiran mahaifiyarsa "he" ba tare da ya lura ba. A ganina, bambancin da ya kamata ki riƙe shi ne, "his" a Turancin yau ba ta da faɗin da "-nsa" take da shi a Hausa. Baturen wannan zamani idan ya karanta "his pen", namiji yake gani a ransa, kuma sanarwar da aka manna a ajin da mata suka fi yawa za ta yi masa banbaraƙwai.

Abin da yayanki ya hango, mai yiwuwa, wani amfani ne na dabam wanda shi kam sabo ne. A 'yan shekarun nan, musamman a Amurka da Birtaniya, wasu mutane suna neman a kira su da "they" maimakon "he" ko "she", alhali an san su, an san sunansu. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'ana a 2019, ya kuma zaɓi "they" a matsayin kalmar wannan shekara. Muhawarar da ake yi a kan wannan ta zamantakewa ce da aƙida, ba ta shafi jimlarki ba, wadda take magana a kan ɗalibin da ba a ayyana ba. Shi kuma Facebook yana rubuta "their" ne idan ba a sanar da shi jinsin mai shafin ba, ko kuma mai shafin ne ya zaɓi hakan. Ko kamfanin dillancin labarai na AP, wanda 'yan jarida da yawa suke bin littafin salon rubutunsa, ya sassauta a 2017, ya yarda da "they" ta tilo a wuraren da sake gina jimla zai zama wahala.

Game da jarrabawa, shawarata ita ce kada ki mai da takardar WASSCE fagen kare wannan hujja. Mai duba takardarki mutum ne, kuma akwai yiwuwar ya tashi da ƙa'idar da malaminki ya tashi da ita, ba kuma za ki kasance a gabansa ki yi masa bayanin 1375 ba. Hanya mafi aminci ita ce ki mayar da jimlar jam'i tun daga farkonta: "All candidates must bring their own pens." Wannan ba mai iya taɓa ta, tsohon malami ko sabo. Kina iya cire wakilin sunan baki ɗaya ki ce "Every candidate must bring a pen." Akwai kuma "his or her", wadda ba laifi a yi amfani da ita sau ɗaya, amma idan ta maimaitu sau uku a sakin layi guda sai rubutu ya yi nauyi. A sashen zaɓen amsa kuwa, idan aka ba ki gurbi bayan "each" ko "everyone", kuma "his or her" tana cikin zaɓin, ita za ki ɗauka.

A wajen ɗakin jarrabawa, a wasiƙa ko saƙo ko hira, ki yi amfani da "they" ɗinki hankali kwance, amma ki kiyaye abu biyu. Aikatau yana nan a siffarsa ta jam'i, "they are" da "they have" ake cewa, ba a cewa "they is". Sannan ki duba ko akwai wani jam'in a kusa da zai rikita mai karatu. Idan kika rubuta "A parent met the teachers and they were angry", ba wanda zai san ko mahaifin ne ya fusata ko malaman, a nan dole ki maimaita sunan wanda kike nufi. Malaminki kuma ki same shi bayan darasi, cikin ladabi, ki nuna masa jimlar da kika mayar jam'i, ki tambaye shi ko ta yi. Ina kyautata zaton a wannan karon jan bironsa ba zai samu abin zagayewa ba.