Filin Tambaya da Amsa: Yi wa Kifin Beta Shamaki a Cikin Akwati Ɗaya

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga kifin beta, ɗan kifin adon nan mai dogon bindi da masana ke kira Betta splendens. Asalinsa daga Tailan yake da maƙwabtanta irin su Kambodiya da Biyetnam, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da fadamu da ruwan da ba ya gudu sosai. A can an daɗe ana kiwonsa domin faɗa, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Maza biyu ba sa zama ruwa ɗaya lafiya, shi ya sa tambayoyin duk suka taru a kan shamaki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, da beta namiji ɗaya a ciki. An ba ni na biyu, yanzu haka yana cikin kwalba, kuma ba ni da wurin ajiye wani akwatin. Yaya zan raba wannan gida biyu da kaina? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafin ruwa. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi, ka raba da 1,000, zai ba ka lita 54. Idan ka cire abin da tsakuwa za ta ci da gurbin da za ka bari a sama, ruwanka ba zai wuce lita 45 ba, wato kowane kifi ya samu kusan lita 22. Wannan ya wadatar. Amma kada ka yi kwaɗayin raba shi gida uku, domin ƙaramin ruwa ya fi saurin lalacewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko ragar roba mai ɗan ƙarfi, irin wadda masu aikin hannu ke ɗinka zanen ulu a kanta, mai ramuka bakwai a kowane inci. Baƙa ta fi. Wadda aka fi samu faɗinta kusan santimita 27 ne da 34, don haka za ta ɗan gaza wa zurfin akwatinka. Ka nemi babba mai 30 da 45, ko ka haɗa biyu da zaren fatsa, ɗaya ta hau kan ɗaya da santimita 3. Na biyu sandunan roba huɗu, irin waɗanda ake zurawa a gefen takardu don a ɗaure su, ana samunsu a shagon kayan rubutu, kuma tsawonsu kusan 30 ne. Sai silikon, wato gam ɗin da ake haɗa gilashi da shi, da almakashi, da reza, da samfefa mai laushi, da kwali.

Maganar silikon tana buƙatar kulawa. Wanda ake so shi ne zalla, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akwatin kifi ne, mai wari mai tsami irin na binega idan an matso shi. Wanda ake sayarwa don banɗaki da kicin yawanci an haɗa shi da maganin hana fumfuna, kuma maganin nan yana tsattsafowa cikin ruwa ya kashe kifi. Idan ka ga an yi tallan yana hana baƙin datti, ajiye shi.

Ka kwashe kifin da rabin ruwansa zuwa bokiti mai tsabta, ka rufe da wani abu mai shigar iska, ka juye akwatin ya bushe ƙarau. Auna faɗin ciki, ba na waje ba, kuma a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Akwatin da aka haɗa da hannu sau da yawa ba ya zuwa daidai, sai ka tarar ƙasa ta fi sama da milimita 2 ko 3, kuma ta nan matsala ke farawa. Yanka kwali ka gwada har ya zauna daram, ka ɗan rage kusurwoyinsa biyu na ƙasa saboda tudun silikon da ke haɗe da gilashin. Sai ka ɗora kwalin a kan ragar ka yanka, ka rage milimita 2 zuwa 3 a faɗi saboda kaurin bayan sandunan. Bi layin ragar wajen yanka, don kada ka bar 'yan haƙora a baki.

Sanduna biyu su ne za su zama hanyar da ragar za ta bi. Silikon yana kama gilashi sosai amma ba ya son roba mai santsi, don haka ka goge bayan sandar da samfefa, in so samu ne ka huda 'yan ramuka huɗu ko biyar a bayan, silikon ya shiga ya riƙe ta ciki. Ja layi a wajen gilashin gaba da na baya a daidai tsakiya, ka shafa siririn silikon, ka manna sandunan daga ƙasan gilashi har bakin sama, ka tallafe su da salatif. Ka bar su awa 48. Da hunturu ka ƙara kwana ɗaya, domin da laimar iska silikon yake daskarewa, busasshiyar iska kuwa tana jinkirta shi. Muddin kana jin warin binega, bai gama ba.

Sauran sanduna biyu ka rage musu tsawo, ka zura ɗaya a saman ragar, ɗaya a ƙasa, don kada ta lanƙwashe. Zura ragar cikin hanyarta har ta taɓa gilashin ƙasa, sannan ka mayar da tsakuwa ta rufe gindinta da santimita 3 ta kowane gefe. Kafin ka zuba ruwa, ɗauki yankin tsohon gyale mai shara-shara ka ja shi a kan ragar da bakunan sandunan. Duk inda ya maƙale, nan bindin kifi zai yage. Goge wurin da samfefa. Ɗauraye komai da ruwa zalla, ban da sabulu.

Ranar mayar da su, ka sauya wa tsakuwa da kayan adon wuri, ka saka kifayen a lokaci ɗaya, ka kashe fitila har washegari. Tsohon kifin ya saba akwatin duk nasa ne, sauya fasalin yana rage masa zafin kai.

TAMBAYA: Na sa shamaki ba tare da silikon ba, na dai matse shi tsakanin gilasan. Da safe sai na tarar da su biyun a gefe ɗaya, ɗaya bindinsa ya yi fata-fata. Ta ina ya bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya, hanyoyin uku ne: sama, ƙasa ko gefe, kuma sama aka fi bi. Beta kifi ne mai tsalle. Idan saman ruwa ya kusa kai bakin shamaki, tsallakewa ba ta yi masa wuya. Ki sauke ruwan ya zama santimita 4 zuwa 5 ƙasa da bakin shamakin, kuma shamakin ya taɓa murfi. Idan akwai rata tsakaninsu, yanki ragar mai faɗin santimita 10 ki kwantar da ita a kan shamakin, ta leƙa santimita 5 ta kowane gefe, ki ɗaure da zaren fatsa. Murfin kada ya toshe iska, domin beta yana da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iskar sama da ita, dole ya riƙa tasowa yana kurɓa.

Ta ƙasa kuwa, shamakin da aka ɗora a kan tsakuwa maimakon a binne shi yana barin kafa, kifin ya kwanta gefe ya kutsa. Ta gefe, ragar da ba ta da sanda tana lanƙwashewa idan ruwa ya tura ta. Ki gwada da fensir: duk ratar da fensir ya shiga, ki ɗauka kifi zai gwada ta. Ko bai wuce ba, yana iya maƙalewa, kuma betan da ya maƙale a ƙasa ya kasa kaiwa ga iska yana iya mutuwa.

Tunda akwatinki cike yake da ruwa, ba sai kin juye ba. Zura sanduna a gefuna huɗu na ragar, ki ɗaura mata 'yan robobin nan masu mannewa a gilashi, biyu a gaba biyu a baya. Sai dai suna saki idan sun tsufa, ki riƙa danna su duk mako. Shi kuma mai raunin, ruwa mai tsabta ne maganinsa: ki canza kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu har mako biyu. Sabon bindi yana fitowa fari shara-shara a baki, wannan alamar warkewa ce. Idan bakin ya yi baƙi ko ja yana ƙara cinyewa, ruɓa ce ta shiga, sai an nemi magani.

TAMBAYA: Ba zan iya amfani da gidan sauro ko wayar taga ba? Su ne a kusa. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Gidan sauron da ake rabawa don rigakafin zazzaɓin cizon sauro an jiƙa shi da maganin ƙwari irin su fametirin da deltametirin, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu yana kashe kifi. An yi shi ne yadda wanki ba zai fitar da maganin da wuri ba. Wayar taga ta ƙarfe kuma tana tsatsa, wata tana da rufin zinki mai narkewa cikin ruwa, ga tsinin baki. Idan ragar ulu ta gagara, nemi farantin roba mai kaurin milimita 3 irin na masu yin allon talla, ka ɗora shi a kan katako, ka huda shi a hankali don kada ya tsage. Ramukan kada su wuce milimita 4, a bar santimita ɗaya da rabi tsakaninsu, daga ƙasa har saman ruwa. Rami mai girman da kan kifi zai shiga jiki ya ƙi wucewa shi ya fi kowanne haɗari.

TAMBAYA: Shamakina bai da kafa ko ɗaya, amma wuni suke yi suna hura wuya a jikinsa, ɗaya ma ya rage cin abinci. Haka abin yake? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Hura wuya na 'yan mintoci ba laifi ba ne, Malam, motsa jiki ne ma. A kwana biyu ko uku na farko za su yi ta yi, sannan yawanci su lafa. Amma idan mako ya wuce suna nan, launin ɗaya ya koɗe, ya manne fikafikansa a jiki, ko ya fara cizon bindinsa, to ganin junan ya yi yawa. Masu kiwon beta a Tailan suna jera kwalabe ne su cusa kwali tsakaninsu, sai lokacin da suke so kifayen su motsa suke zarewa na ɗan lokaci. Dabarar ke nan: a tsare ido, a bar ruwa ya wuce.

Ka ƙara raga ta biyu, baƙa, santimita 1 zuwa 2 daga ta farko, ka ɗan gusar da ita yadda ramukan ba za su fuskanci juna ba. Wannan yana rage gani, yana kuma hana ɗaya cafke bindin ɗaya ta rami. Dasa tsiron ruwa a jikin shamakin ta gefe biyu. Tsirran ruwa irin su anubiyas da gansakukar Jaba (wadda ake kira Java moss) suna jure ƙarancin haske, ana ɗaure su ne a raga da zare, ba a binne saiwar anubiyas mai kauri cikin tsakuwa, ruɓewa take. Ka riƙa ba su abinci a ƙarshen akwatin, nesa da shamaki. Shamakin gilashi garai-garai kuwa, duk kyansa a ido, shi ne mafi muni. Akwai kuma betan da ba ya lafawa ko me aka yi. Irin wannan sai akwatinsa shi kaɗai.

TAMBAYA: Gefen da matacin ruwa yake yana da tsabta, ɗaya gefen kuma saman ruwansa ya yi yana kamar mai, kuma ya fi sanyi. Me ya jawo? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Ruwa ne ba ya zagawa, Hajiya. Ramukan raga suna toshewa da gansakuka da dattin abinci cikin 'yan makonni. Ki ware buroshin haƙori sabo don wannan aiki kaɗai, ki goge ragar duk mako, ki zuƙe dattin da ke taruwa a gindinta da tiyo lokacin canza ruwa. Yanar da ke sama kuwa ki shimfiɗa mata takardar goge hannu ki ɗauke.

Gyara mai ɗorewa shi ne ƙaramin matacin soso a kowane gefe. Famfon iska ɗaya ya isa: ki raba tiyonsa gida biyu, ki sa wa kowane reshe makunni, ki rage kumfar ta zama a hankali, domin beta mai dogon bindi ba ya iya kokawa da ruwa mai ƙarfi. Ki ajiye famfon sama da saman ruwa ko ki sa wa tiyon bawul mai hana komawa, in ba haka ba idan aka ɗauke wuta ruwa na iya biyo tiyo ya sauko cikin famfon.

Beta yana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 28. A Jos, da ma sauran Arewa a watannin Disamba da Janairu, ruwan ɗaki yana sauka ƙasa da haka da dare. Hita mai wat 50 ta ishi lita 45 zuwa 55. Ki manna ta kusa da shamaki, dab da matacin, kumfa ta riƙa yaɗa ɗumin. Sa ma'aunin zafi a kowane gefe. Idan bambancin ya wuce digiri ɗaya, ragar ta toshe. Wanda akwatinsa ya kai santimita 90 yana iya yin shamaki biyu, ya bar ɗaki mai santimita 10 a tsakiya don hita da mataci, kowane kifi ya samu 40.

Ki tuna kuma cutar da ta kama ɗaya tana cikin ruwan ɗayan. Idan kika ga fararen ɗigo masu girman ƙwayar gishiri a jikin ɗaya, akwatin duka za a yi wa magani. Sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani mazubi dabam kafin ya shiga. Ruwan famfo kuma a ɗiga masa maganin kashe kulorin kafin a zuba, ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin, a canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako.