Gorar da na dasa ta doshi shingen maƙwabcina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Buffalo, jihar New York, inda sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Maƙwabta na hango bayan gidanmu, iyalina ba sa sakewa. Sai wani abokin aiki ya tono mini gora daga gidansa, ya ce tana jure sanyi, kuma sanyin ne zai hana ta yaɗuwa. Shekara biyu ke nan. A watan Mayun nan na ga tsiro uku kusan mita biyu daga inda na dasa, ɗaya dab da shingen maƙwabcina. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka ya tashi yanzu. Fita ka duba kara ɗaya. In tsakanin gaɓa da gaɓa akwai ɗan kwari mai tsawo a gefe guda, kuma rassa biyu ne ke fita daga kowace gaɓa, ɗaya ya fi ɗaya kauri, to Phyllostachys ce, wato dangin gora mai yaɗuwa ta saiwa. In karan kore ne, kwarin rawaya, wasu karan kuma sun ɗan karkace daga ƙasa, ita ce nau'inta mai suna aureosulcata, wadda jiharku ta haramta sayar da ita da yaɗa ta tun 2015, tare da 'yar'uwarta aurea.

Wannan magana ta "sanyi zai tsare ta" ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, daga masu rabon dashe kyauta da masu tallarsa a Facebook waɗanda ko sunan abin da suke sayarwa ba su sani ba. Sanyi ganye yake ƙonawa, in ya yi tsanani ya kashe kara. Saiwa tana kwance cikin ƙasa, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta kamar bargo. Ba a hunturu ma take tafiya ba, daga tsakiyar lokacin zafi ne zuwa kaka, sai watan Mayu ta nuna maka inda ta kai. Wadda ta jure sanyin Buffalo ai ita ce sanyin bai iya da ita ba, ta yaya kuma zai zama mata takunkumi? Abokinka ya tambayi kansa me ya sa yake da rarar da zai bayar.

Na san abin da ke ruɗin mutanenmu. Gorar da muka sani a gida dunƙule take zama, gindi ɗaya, shekara da shekaru. Wannan kuwa halin kirikiri gare ta, sai dai saiwarta ta yi kaurin yatsa, tana bi ƙarƙashin shinge, tana ɗaga daɓe. Ranar da ta ɓullo a gidan maƙwabci, kai ka shiga haƙƙinsa, kuma a Amurka irin wannan kan kai gaban alƙali.

Tone ta bana, tun tana ƙarama. Yawancin saiwar ba ta wuce zurfin santimita 30 ba. Bi kowace da shebur har ƙarshenta, kada ka bar guntu mai ido. Ka gaya wa maƙwabcin da bakinka, ka nemi izinin duba ɓangarensa. Shekara biyu masu zuwa, duk tsiron da ya leƙo ka karya shi.

Suturar da kake nema kuwa, wata irin gora mai suna Fargesia za ta ba ka. Daga duwatsun yamma da tsakiyar ƙasar Sin take, dunƙule take zama, karanta siriri ne mara kwari, rassa da yawa a gaɓa. Nau'o'inta biyu, murielae da nitida, kan jure har wajen digiri 25 ƙasa da sifili, tsayinsu mita uku zuwa huɗu. Ka sayo mai cikakken suna a jikin tukunya. Ba ta son ranar la'asar mai zafi, ka ba ta wuri mai ɗan inuwa inda iska ba ta dukanta. Cikin ƙasa za ka sa ta, don a tukunya saiwa daskarewa take. Ka shayar da ita sosai a Nuwamba kafin ƙasa ta daskare, ka rufe gindin da busasshen ganye. In ka ga ganyenta ya naɗe a Janairu kada ka sare ta, ruwan jikinta take tattali, zai buɗe in sanyi ya sassauta.