Amsa ga ƙanwarmu kan cike fom ɗin likitan dabbobi

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na saurari saƙonki, kina tambaya wace jami'a ce ta fi sauƙin shiga karatun likitan dabbobi. To ni abin da na gane, so kike ki sa likitancin mutane a zaɓin farko, na dabbobi ki ajiye shi a gefe ko da wancan ya ƙi. Kada ki soma. In shi kike so, sa shi a farko a fom ɗin JAMB, don jami'o'in nan waɗanda suka zaɓe su da farko suke fara dubawa. Kuma karatu ne na shekara 6 cur, ba wurin fakewa ba ne kafin ruwa ya ɗauke.

Makarantu kam akwai. ABU Zariya tana nan, ita ce tsohuwa a Arewa, ga Jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Maiduguri, ga Jos, ga Abuja, Bayero ma ta buɗe nata. Darussan JAMB huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fizik. Kada wani ya ce ki sa Noma a madadin Fizik wai ai harkar dabbobi ce. A WAEC ko NECO kuma kiredit 5, waɗannan huɗun da Lissafi.

Amma wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne ranar rajista. Ɗan yayata, yaron da tun yana firamare shi ke ɗure wa awakin gidanmu maganin tsutsa, ya je cibiyar rajista, layi har bakin titi. Ya ce wa yaron da ke kan kwamfuta likitan dabbobi yake so. Shi kuwa yana ganin kalmar dabba sai ya danna masa kimiyyar kiwo, wadda ke ƙarƙashin tsangayar noma. Aka buga takarda, ya ninke ya sa a aljihu bai karanta ba. Sai da suna ya fito muka gani, lokacin canjin kwas ya wuce. Na je har wurin, mai cibiyar ya ce ai ya dangwala yatsa, ya amince ke nan. Ko haƙuri bai ba mu ba! Shekara guda yaron nan ya yi a gida, uwarsa har kuka ta yi. Har yau in na bi ta gaban shagon nan... to, a bar maganar.

Don haka ki tsaya a kansu, ki ga an rubuta Veterinary Medicine da idonki kafin ki sa yatsa. Sunanki da ranar haihuwarki na NIN su zo daidai da na takardar sakandare, harafi da harafi. Sakamakon WAEC ko NECO kuma, ki koma a ɗora miki shi a shafin JAMB, in ba haka ba ko maki nawa kika ci ba za a ba ki gurbi ba.

Af, wani ya ambaci Vom ɗazu. Makarantar nan ta garin Vom a jihar Filato ba jami'a ba ce, kwalejin kiwon lafiyar dabbobi ce, difloma take bayarwa. Hanya ce mai kyau, amma wannan sai wani lokacin. Ki turo min hoton sakamakonki ta gefe in duba Fizik ɗin nan tukuna.