Amsa ga mai tambaya kan zama a Reno, jihar Nevada ta Amurka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce an ba ka aiki a wata masana'anta kusa da Reno, kana son sanin ko gari ne da mutum zai zauna da iyalinsa, ko kuwa garin caca ne mai zafi irin Las Vegas. Na daɗe a nan, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne ka cire Las Vegas daga ranka, domin tsakanin biranen biyu akwai tafiyar kusan awa bakwai a mota, yanayinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Reno hamada ce, amma hamadar kan tudu, domin garin ya haura mita 1,300 sama da teku. Yana gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda ke tare hadarin da ke tasowa daga tekun Fasifik, shi ya sa ruwan da ake samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 200. Lokacin zafi rana tana ƙuna, amma da dare iska takan yi sanyi har mutum ya nemi mayafi. Lokacin sanyi kuwa dusar ƙanƙara tana sauka, wani lokaci a rufe babbar hanyar I-80 da ta haura dutse zuwa Kalifoniya, ko a tilasta wa direbobi ɗaura sarƙa a taya. Bushewar iska tana fasa leɓe da dunduniya kamar tsakiyar hunturu, sai dai a nan ba ta da wata guda da za ka ce ta wuce. Abin da ya fi damuna ni shi ne hayaƙin gobarar daji da ke kwararowa daga Kalifoniya a ƙarshen lokacin zafi, kuma idan akwai mai asma a gidanka, ka sa wannan a lissafi.

Ruwan garin daga kogin Truckee yake, wanda ya fito daga tafkin Tahoe ya ratsa tsakiyar gari ya ƙare a tafkin Pyramid, a ƙasar ƙabilar Paiute. Ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu ita ce ke narkewa ta cika shi, saboda haka mutanen nan suna bin labarin yawan ƙanƙara da muhimmanci, ba don wasa a kanta kawai ba.

Tarihin garin yana bayyana halinsa. An gano azurfa a yankin Virginia City, wani gari kusa da nan, a 1859, sannan layin dogo ya iso a 1868, a shekarar da aka yanka filayen Reno. Da ma'adinai suka ja baya, jihar ta halatta caca a 1931, ta kuma rage wa'adin zaman da mai neman raba aure zai yi a jihar kafin kotu ta raba auren zuwa mako shida, sai mutane suka riƙa zuwa daga ko'ina a Amurka suna cika otal-otal. Wannan kasuwa ta yi rauni bayan da ƙabilun asali na Kalifoniya suka buɗe nasu gidajen caca, rikicin tattalin arziki na 2008 kuma ya rushe farashin gidaje ya bar jama'a da yawa babu aiki. Abin da ya farfaɗo da garin shi ne maƙwabtaka da Kalifoniya tare da sauƙin haraji, domin Nevada ba ta karɓar harajin albashi na jiha. Manyan rumbunan ajiyar kaya suka yawaita, sannan a 2014 kamfanin Tesla ya zaɓi wani fili a gabashin gari don gina masana'antar batir tare da Panasonic. A ƙidayar 2010 mutanen Reno kusan 225,000 ne, a ta 2020 kuwa sun haura 264,000.

A ganina nan ne tambayarka ta fi nauyi, ba a maganar caca ba, domin gidajen caca suna tsakiyar gari da wasu 'yan wurare, kuma mai iyali yana iya shekara bai taka su ba. Gina gidaje bai bi saurin shigowar jama'a ba, masu sayar da gida a Kalifoniya kuma suna zuwa da kuɗin da ɗan gari ba zai iya gogayya da su ba, don haka haya takan cinye rangwamen harajin da ake yi wa baƙo kwaɗayi da shi. Kafin ka sa hannu a takardar aiki, ka nemi farashin haya na yanzu ka auna shi da albashin da zai shigo hannunka.

Idan aikin naka a yankin masana'antun gabas yake, ka duba gida a garuruwan Sparks ko Fernley da ke gabas da Reno, ka kuma sani cewa yawancin ma'aikata ta I-80 suke bi, haɗari ɗaya yakan tsayar da kowa. Mota dole ce. Akwai masallaci a Sparks da ake sallar Juma'a, akwai Jami'ar Nevada a cikin gari idan mai ɗakinka tana son ci gaba da karatu, Sacramento kuma tafiyar kamar awa biyu ce idan hanya a buɗe take.