Kafin ka biya kuɗin kwamfiresa, sa a nemo inda gas ke yoyo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: Corolla 2006 ce, AC ta daina sanyi tun farkon bazara, mai gyara ya leƙa cikin bonet ya ce kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas ɗin AC, ta mutu, ya yanka maka kuɗi mai kauri, kana so ka ji ko farashin ya yi daidai ko a cika gas kawai a lallaɓa. Ni dai shawarata, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna.

Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Ni sai da aljihuna ya ji jiki na gane haka. Sau uku ina cika gas a shekara ɗaya, kullum sai in yi sati biyar ko shida ina shan sanyi, daga nan fanka ta koma huro min iskar titi. A karo na huɗu wani dattijon mai gyara ya ƙi cika min. Ya ɗura naitrojin, ya kaɗa ruwan omo a roba, ya bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya da soso. Da ya zo ƙasan kondensa, wato wannan mai kama da lagireto da ke can gaba, sai ga kumfa na tasowa. Tsakuwa ce ta huda ta, ramin bai kai kan allura ba. Da na yi lissafi, abin da na zubar a gas sau uku ya kusa sayen kondensar.

Abin da ya sa nake shakkar maganar bakanikenka shi ne, akwai suwic da ke hana kwamfiresa tashi idan gas ya yi ƙasa sosai, don kada ta ƙone. Wanda bai jona gejin auna ƙarfin gas ya duba ba, zai iya ganin ba ta juyawa ya ce ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Ka tada mota, ka kunna AC, ka kasa kunne. A irin motarka za ka ji kulocin kwamfiresa ya yi "ƙas" ya kama. In bai yi ba, kuma gas bai yi ƙasa ba, a fara da fiyus da rilai da shi kansa kulocin, dukkansu kayan araha ne. In kuma tana sanyi a kan hanya amma ta daina a cunkoso, a duba fankar gaba, a kuma wanke kondensa, domin ƙurar hunturu na toshe ta.

Game da kuɗi, tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan nan ke bin dala, abin da aka saya bara ba shi ne na bana ba. Amma yadda suke bin juna bai canza ba. Robar mahaɗa da fiyus su ne mafi sauƙi, sai cika gas, sai fanka da kondensa. Kwamfiresa ce babba a kuɗin kaya. Ibaforeta kuwa, wadda ke sanyaya iskar da ke shigo maka cikin mota, ita ce babba a kuɗin aiki, don tana ɓoye ne a bayan dashbod, sai an kwance gaban motar kaf kafin a kai gare ta, aikin yini guda ne. Saboda haka ka ce ya raba maka lissafi: kaya nawa, gas nawa, ladan hannunsa nawa. Sannan ka je da ƙafarka ka taya, Ƙofar Ruwa in kana Kano, Panteka in Kaduna ce, Apo in Abuja. Ƴar Beljiyam ta fi sabuwa ta asali sauƙi nesa ba kusa ba, amma kada ka karɓa sai da sharaɗin mayarwa in ba ta yi ba, ka kuma juya ta da hannu ka leƙa bakinta. Man da ke ciki in ya yi baƙi, ajiye musu kayansu.

To in an gwada an tabbatar kwamfiresar ce ta tafi, nan ne mutane ke yin arahar da ke komawa tsada. Idan ta lalace daga ciki, ɓurɓushin ƙarfe take watsawa cikin bututu. Ka ɗaura wata a kai ba a wanke ba, dattin nan zai cinye ta ita ma. Wani maƙwabcina kwamfiresa biyu ya saya a damina ɗaya saboda haka. Dole a wanke layin, a canza diraya, wato matatar da ke tsotse danshi da datti daga gas, sau da yawa har da kondensar, don ƙananan hanyoyinta ba sa wankuwa. A zuba man kwamfiresa daidai awo, a ja bakyum kamar rabin awa don fitar da iska da danshi, sannan a sa gas.

Shi ma gas ɗin ka sa ido. Motarka R134a take sha, kuma akwai ƴar takarda manne a cikin bonet da ta faɗi giram nawa. Mai gyaran kirki da sikeli yake aunawa, ba da taɓa bututu yana cewa "ya ɗauka" ba. Cikawa fiye da kima ma rage sanyi yake yi. Kuma kada ka yarda a ɗura maka R22 na AC ɗin gida don ya fi araha, ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera motar a kai.

Kafin ka koma wurinsa, ka kunna ta ka saurari kulocin nan, ka dawo ka gaya mana abin da ka ji. Allah Ya sa fiyus ne kawai.