Gajeren hannun giya a Golf 4

Malam, ka tambaya ko gajeren hannun giyar tsere zai shiga Golf 4 ɗinka. Zai shiga, amma ba zai ƙara wa inji ƙarfi ba. Tazarar jan giya kawai yake ragewa, hannun kuma ya ɗan yi tauri.

In giyarka mai kebul ce, aikin duk a saitin kebul yake. Biyu ne: ɗaya na gaba da baya, ɗaya na gefe. Bakanike ya kulle giyabos da hannun a mazaunin saiti kafin ya ɗaure su, in ba haka ba lamba ɗaya da ribas za su riƙa gardama. Kada kebul ya kusanci salansa, zafi na cinye shi.

Bushin kuwa, wato robar da ke mahaɗar hannun giya, sayi sabo, kada a ƙera maka a Panteka. Gwada kowace giya mota tana a kashe.