Zane ne ko sassaƙa? Amsa kan adon agogon aljihu

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya gaji agogon aljihu na zinare daga kakansa, murfinsa duk furanni da wasu siraran layuka kamar igiyar ruwa. Yana tambaya: sassaƙa ake ce wa wannan ado ko zane? Kuma "ba duk abin da ke ƙyalli ne zinare ba" karin maganarmu ce?

Malam, Allah ya jiƙan kaka. Sassaƙa dai ajiye ta gefe, aikin gizago ce a jikin ice, irin su turmi da akushi. Mai taɓa zinare da azurfa maƙerin fari ne, ba maƙerin baƙi mai garma da lauje ba. Kuma Bahaushe yakan raɗa wa aiki suna ne daga abin da hannu ya yi, don haka shafa murfin da yatsa ka ji.

In furannin sun nutse ciki, an kwarzane su da tsinin ƙarfe, to zane ne, ɗan'uwan zanen ƙwarya. In kuwa sun taso sama, an bugo su ne ta baya da 'yar guduma, kamar yadda maƙeran Bida ke yi wa farantan tagulla. Ni bugu nake ce masa. Maƙeran Ingila sun shahara da shi a ƙarni na 18, har sukan yi wa agogo gida biyu, na wajen don ado.

Layukan nan masu kama da igiyar ruwa su suka fi ba ni sha'awa. Faransawa na ce musu giyoshe. Na'ura ake juyawa da hannu, tsininta na bin zinaren layi bayan layi, mai aikin na auna nauyin hannunsa. In ya danne fiye da kima sau ɗaya, murfi ya ɓaci. Ba mu da kalmarsa, amma "zanen na'ura" ya wadatar. Birnin Janeba na Suwizalan ya yi suna a wannan sana'a tun bayan 1541, lokacin da dokokin malamin coci Kalbin suka takura wa kayan ƙawa, maƙeran fari suka koma agogo.

Af, shi kansa "agogo" aro ne daga Yarabanci, inda asalinsa ƙararrawa. "Zinare" kuma daga dinarin Larabci. Mu ne dai muka yi wa agogo kirari da sarkin aiki.

Karin maganar da ka kawo fassara ce daga Turanci, ta shige mu ta makaranta. Tamu ta gida ita ce "kama da wane ba ta wane". Ta kuwa dace da agogonka, domin a 1859 wani Ba'amurke, James Boss, ya yi rajistar dabarar lulluɓe tagulla da fallen zinare, aka yi ta sayar da irinsu birjik. Buɗe murfin baya ka nemi hatimi. Lamba 750 na nufin karat 18 (karat ma'aunin tsantsar zinare ne), 585 kuma karat 14. In ka ga an rubuta garantin shekara 20 ko 25, lulluɓi ne kawai.

Kai wa maƙerin fari ya duba maka, amma kada ka yarda ya goga murfin waje a dutsen gwaji, zanen zai ci.